Wake a Matsayin Abin Jawo Namun Daji: Nazari a Kan Gandun Gadabeji da Kewayen Dakoro

Tsakure

Maƙalar ta duba ko dabarar maharban Amurka ta shuka wake domin jawo barewa za ta yi aiki a arewacin jihar Maradi. An kwatanta yanayin wuraren biyu ta fuskar lokacin ƙarancin abinci, dokar ƙasa da cunkoson dabbobin kiwo. Sakamakon ya nuna cewa gonar wake a Gadabeji za ta fi jawo bisashe da mafarauta fiye da barewa.

Gabatarwa

A kudu maso gabashin Amurka, masu filayen farauta sukan ware ƴar gona su shuka abin da barewarsu mai farar wutsiya ke so. Da kaka suna shuka wani nau'in waken Turawa mai jure sanyi, da zafi kuma su shuka irin da suke kira Iron and Clay. Wannan na biyun ba wani baƙo ba ne: wakenmu ne, Vigna unguiculata, wanda asalinsa Afirka ne, ya ƙetara teku a zamanin cinikin bayi. Ɗanyen ganyensa kan ɗauki furotin sama da kashi 20 cikin ɗari. Nijar kuwa ita ce ta biyu a duniya wajen noman wake bayan Nijeriya, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, a Maradi, ta fitar da iri kamar TN5-78. Iri dai akwai shi. Tambayar ita ce ko dabarar ta dace da wurin.

Wurin da aka nazarta

An kafa gandun namun daji na Gadabeji a 1955, faɗinsa kimanin hekta 76,000, a arewa da garin Dakoro. UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren da take kiyaye halittunsu a 2017. A da akwai mariri a nan, ya ɓace. Barewa ta ragu ƙwarai. A Nuwamba 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka ƙaro 4 a 2022. Binciken ya dogara ne ga rubutattun bayanai kan gandun da dokokin Nijar, ba a shuka gonar gwaji ba.

Sakamako da tattaunawa

Matsala ta farko lokaci ne. Ruwan yankin bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 a shekara ba, yana sauka tsakanin Yuli da Satumba. A wannan lokacin ne kawai wake zai yi ba tare da ban ruwa ba, kuma a lokacin ne daji ke cike da ɗanyar ciyawa, har da gadagi, wanda shi ma dangin wake ne. Barewar da ke tsakiyar kore ba ta da dalilin neman wata gona. Wahalarta tana zuwa ne da bazara, daga Maris zuwa Yuni, sa'ad da ƙasa ta zama rairayi da busasshiyar ƙarangiya. A lokacin wake ya daɗe da zama harawa, an ɗaure ta dami dami an ɗora a kan rumfa ko a kan rassan itace, ana jiran ta yi tsada a kasuwar Dakoro. Abin da ke riƙe barewa a waɗannan watanni shi ne ganye da ƴaƴan kandili, aduwa, jiga da anza, waɗanda take samun ruwan jikinta ma daga cikinsu.

Doka ma ba ta ba da dama ba. Doka mai lamba 61-05 ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar makiyaya ta 2010 ta sake tabbatar da ita, kuma noma haramun ne a cikin gandun. Wanda ya san yadda gonaki suka yi ta cin kwarin Tarka da ke yankin zai gane abin da ya sa Fulani da Buzaye ba za su ɗauki gonar hukuma a matsayin gwaji kawai ba. A wannan yanki shuka alama ce ta mallakar fili.

Sai batun wanda zai ci. Ko a Amurka, inda filin na mutum ɗaya ne, barewa kan cinye waken tun yana tsiro, har sai an kewaye shi da wayar lantarki ya yi ƙarfi. A Gadabeji garkunan shanu, tumaki, awaki da raƙuma sun ninka namun daji nesa ba kusa ba, kuma shingen da zai tare akuya zai tare barewa. In ma an yi sa'a ta saba da wurin, an sauƙaƙa wa mafarauci aiki ne. Kada a manta, manufar gonar a Amurka ita ce a san inda dabba za ta tsaya da yamma a harbe ta. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 1998 tana nan, amma malaman daji kaɗan ne a kan fili mai wannan faɗi.

Darasin Kure ya fi kowanne nauyi a ganin mai wannan nazari. Binciken da Leroy da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa wake da mangwaro su ne abin da manoman can suka fi kuka da ɓarnar raƙuman dawa a kansu. Dabbobin da aka kawo Gadabeji sun fito ne daga wannan garke. Shuka musu wake da gangan zai iya ƙarfafa ɗabi'ar da za ta kai su gonakin kudu, inda manomi ke shuka wake tsakanin layukan hatsi, kuma harawar nan ita ce kuɗin kiwon tunkiyarsa.

Shawara

Kuɗin da za a kashe a gonar wake ya fi amfani a hana sassabe rassan kandili da aduwa, a yi hanyoyin tare gobarar daji bayan damina, a kuma watsa irin gadagi a filayen da suka ƙwaƙule. Kafin kowane gwaji, ana buƙatar ƙidayar barewa a damina da bazara, da binciken kashinta domin a san tsirran da take ci a watan Mayu.