Madatsun Ruwanmu Tsakanin Fari da Ambaliya

A wannan ɗan taƙaitaccen bayani ina so in waiwayi tarihin manyan ayyukan ruwa guda uku na Arewacin Nijeriya, don mu ga yadda sauyin yanayi ya yi da su, da kuma wanda ya ɗauki hasarar.

Na farko shi ne aikin noman rani na Kudancin Tafkin Chadi, wanda aka tsara bisa yawan ruwan da tafkin yake da shi a shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Kafin a gama haƙa magudanu, farin 1972 zuwa 1974 ya riga ya sa tafkin ja da baya. Da na 1983 zuwa 1984 ya biyo, sai ruwa ya yi wa bakin babban magudanin nisa, filayen da aka tanada domin alkama da shinkafa suka bushe.

Na biyu shi ne madatsar Bagauda, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a Jihar Kano. A watan Agusta na 1988, bayan an yi ta sheƙa ruwan sama, madatsar ta ɓalle, ta cinye gidaje da gonaki da rayuka.

Na uku ita ce madatsar Alau a kan kogin Ngadda, wadda aka kammala a 1986. Ruwanta ya mamaye Maiduguri a 1994, sannan ranar 10 ga Satumba, 2024 ta fashe, ruwa ya shiga har fadar Shehun Borno da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa na jami'a.

A ganina, abin da ya haɗa su shi ne lissafi. Injiniya yana auna ƙarfin gini ne da bayanan ruwan saman shekarun baya. In damina ta sāke hali, wannan ma'auni ya tashi daga aiki, ko ruwa ya yi ƙaranci ko ya yi yawa.

To, ina inshora? Bisa al'ada, inshorar da ɗan kwangila yake yanka tana kare aiki ne lokacin gini da ɗan wa'adin gyara da ke biye. Da zarar an miƙa aiki, sai nauyi ya koma kan gwamnati. In bala'i ya auku, manomi da ɗan kasuwa su ne ke kwana ciki, sai ɗan abin da agaji ya kawo. Ga shi kuwa kamfanin inshora ba ya yarda ya tsaya wa gini sai ya bincika lafiyarsa, kuma wannan bincike kansa kariya ce ga mutanen da ke zaune a ƙasan madatsa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun injiniya da tattalin arziki, su riƙa tambaya duk sa'ad da aka aza harsashin wani babban aiki: da ruwan wace shekara aka yi lissafi, wa zai riƙa duba ginin bayan shekara 30, kuma wa zai biya in ya karye? Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.