Alƙalami ko Guduma?

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, gardamar da muke yi a ofis, wai karatun takarda ko sana'a, ta girme mu duka. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, har da sashen sana'ar hannu. Kwalejin Katsina kuwa, ta 1922, horar da malamai ta sa gaba, ita ta yaye Ahmadu Bello ɗan Rabah a 1931. Da tsarin 6-3-3-4 ya kankama a 1982, masu ra'ayin sana'a suka ɗauka sun yi nasara, amma injuna da dama suka yi tsatsa cikin akwatuna saboda rashin lantarki da malamai. Ni dai na fi karkata ga Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zaunar da malamai da masu sana'a tare a ribaɗinsa na Wurno, inda ya rasu a 1837.