Alƙalamin mata da sanin ƙasa: darasi daga iyakar Birnin Ƙwanni

1. Gabatarwa

Tun daga shekara ta 1991, lokacin da ƙasar Yukren ta sami ƴancin kanta, masu nazarin adabi suke tattauna rawar da ƙagaggun labaran mata suka taka wajen koya wa al'ummar can sanin kanta. A wannan maƙala za mu ɗauko wannan tambaya mu aza ta bisa wani yanki na gida, wato gundumomin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela, cikin jahar Tawa, a bakin iyakar Nijar da Nijeriya.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa a nan an bi hanya biyu. Ƴan boko masu rubutu da Faransanci sun ɗauki mace sun mai da ita tutar ƙasar Nijar. Mata kuwa, da suka kama alƙalami da kansu, da Hausa suka rubuta, a wancan gefen iyaka, kuma al'ummar da labaransu suka haɗa ba ta tsaya inda taswira ta tsaya ba. Za mu bi tarihin hanyoyin biyu, sannan mu waiwayi Yukren domin kwatanci.

2. Iyaka ɗaya, makaranta biyu

A ƙarni na 19 Ƙwanni tana ƙarƙashin Sakkwato, wadda ba ta kai nisan kilomita 100 daga gare ta ba. Illela kuwa ita ce mazaunin Sarkin Adar, zuriyar Agabba ɗan sarkin Agadas, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975. Rubutun mata ba baƙon abu ba ne a wannan shiyya. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu (1793-1864) ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa tsarin ƴan taru, inda jajojinta suke kai ilimi ga matan karkara. Sai dai wannan waƙa ce ta wa'azi da tarihi, da ajami, ba ƙagaggen labari ba.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta ba Ingila duk ƙasar da take cikin da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙwanni kuma tana ciki. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ƙone garin da kashe mutanensa cikin watan Mayu na 1899 ba. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ne suka janye layin zuwa kudu, Ƙwanni ta faɗa hannun Faransa, sannan Tilho da O'Shee suka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908.

Abin da ya fi shafar batunmu shi ne makarantar da kowane gefe ya samu. A kudu, Ingilishi sun karɓi Hausa da haruffan boko. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da sauransu, duka na maza. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Kamfanin ɗab'i na NNPC ya kafu a Zariya a 1966. A arewa kuwa, lakwal ba ta san wani harshe ba sai Faransanci, har ana hukunta yaron da ya yi harshen uwarsa a cikinta. Lokacin samun ƴanci a 1960, yaran Nijar da suke makaranta ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, ƴan mata kuwa ƙalilan ne a cikinsu. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida sai a 1973 aka fara su, a Damagaram. Wato ke nan harshe ɗaya ne a bakin mutanen gefen biyu, amma a gefe ɗaya kaɗai ya sami injin ɗab'i da kasuwar littafi.

3. Mace a matsayin tuta

Sabuwar ƙasa tana bukatar gwarazan da za ta tuna. Rundunar da ta ƙone Ƙwanni a watan Mayu ta riga ta gwabza da Sarauniyar Lugu, a ƙasar Arewa, cikin watan Afrilu na wannan shekara. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira, shi ya ɗauko wannan tarihi ya gina littafinsa Sarraounia, da aka buga a Paris a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar bikin Fespaco na Wagadugu a 1987. Daga nan sunan Sarauniya ya shiga makarantu da kafofin watsa labarai, ya zama alamar Nijar mai ƙin mulkin mallaka.

Ba mu raina wannan aiki ba, domin ya maido wa ƴan ƙasa wani ɓangare na tarihinsu da rahotannin Nasara suka taƙaita cikin ƴan layuka. Amma akwai abin lura guda biyu. Na farko, namiji ne ya rubuta, da harshen da yawancin matan Adar da Arewa ba su karantawa. Na biyu, Sarauniyar littafin jaruma ce da aka keɓe daga rayuwar sauran mata: ba ta zaman aure, ba ta da kishiya, ba a fitar da ita daga makaranta don a aurar da ita ba. An ɗaga ta sama domin ƙasa ta dube ta. Matar da take daka a Malbaza za ta yi alfahari da ita, amma ba za ta ga kanta a cikinta ba.

4. Mace da alƙalaminta

A shekarar da Sarraounia ya fito, a cikinta ne NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake ɗauka shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Labarin wata Bafulatana ne da ta so wani Balarabe, danginta suka ƙi. Tun a littafin farko ke nan aka tayar da maganar asali: wane ne namu, wane ne bare, kuma wa yake da ikon yanke hukunci?

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofa ga masu biyowa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da dubban ƴan mata masu karatun Hausa. Matsin tattalin arziki na bayan 1986 kuma ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai wa ƴan kasuwa a Kano. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. A na biyu, wani ɗan kasuwa ya kori uwargidansa da ƴaƴanta saboda amarya, ita kuwa ta riƙe su da sana'ar abinci. A na uku, yarinyar da aka yi wa auren dole da tsoho ta gudu, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar asibiti. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa (1994), ta bi wata hanya: jarumanta mata ne masu ilimi mai zurfi da riƙon addini, masu neman haƙƙinsu daga cikin gidan aure.

Waɗannan littattafai sun sha suka. A farkon shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba musu sunan adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. A 2007 gwamnatin Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, ta ƙone wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Zafin wannan gardama shi kansa shaida ne. Ba a kan soyayya kaɗai ake faɗa ba. Ana faɗa ne a kan wanda yake da ikon faɗin yadda Bahaushiya Musulma ya kamata ta kasance. Marubutan ba su cika ambaton tuta ko gwamnati ba, amma da suka yi maganar sadaki da saki da gado da karatun ƴa mace, tsarin al'umma gaba ɗaya suka sa a faifai.

5. Hanyar littafi zuwa Adar

Ƙwanni tana fuskantar Illelar Nijeriya, wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Adar ba. Ta wannan ƙofa kayan Kano da Sakkwato suke shigowa, daga atamfa zuwa kaset, su bi kwalta zuwa Malbaza da Galmi, ko su ratse a Tsarnawa su nufi Badagishiri da Tawa. Littattafan hikaya sun biyo wannan hanya cikin kayan ƴan koli da jakar amare da ta masu ziyarar dangi. Faɗuwar naira bayan 1986 ta sa sun yi araha ga mai sefa, har zuwa karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga 1984 zuwa 1986, da na 2019 zuwa 2020, bai yanke wannan zumunci ba. Wadda littafi bai kai gare ta ba kuma, rediyon Kaduna yana karanta mata shi cikin shirin Shafa Labari Shuni.

Yaya yarinyar da ta yi lakwal da Faransanci take karanta Hausa, alhali ba a koya mata ba? Amsar mai sauƙi ce. Lakwal ta ba ta haruffa, gida ya ba ta harshe. Abin da ya rage shi ne sabawa da ɓ da ɗ da ƙ, wannan kuwa aikin ƴan kwanaki ne. Sau da yawa ɗaya take karantawa a tsakar gida, sauran suna saurare suna yanke wa mutanen labarin hukunci. Ta haka makarantar da aka kafa don yaɗa Faransanci ta samar wa marubutan Kano masu karatu, ba da niyyarta ba.

Sai dai wannan al'umma ta masu karatu tana da cibiya da gefe. Labaran suna faruwa a Kano da Kaduna da Abuja, da Hausar Kano, da naira. Adaranci ba ya ciki. Rayuwar matar da mijinta ya tafi bida Abijan ko Libiya ya bar ta shekara da shekaru da ƴaƴa da surukai, wadda ita ce babbar maganar gidajen Adar, ba ta cika samun wuri a cikinsu ba. Matan Ƙwanni sun shiga wannan al'umma a matsayin masu karatu tun da wuri. Shigarsu a matsayin marubuta ita ta yi jinkiri. Wayar hannu ce ta fara rage wannan gibi, tun da rubutu ba ya bukatar injin Kano kafin ya kai ga jama'a. Gasar Hikayata ta mata zalla, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta nuna haka a fili: a 2022 Amira Souley, ƴar Maraɗi, ita ta zo ta ɗaya da labarinta Garar Biki.

6. Waiwaye zuwa Yukren

Harshen Yukren ya sha takura a daular Rasha, inda dokokin 1863 da 1876 suka hana buga yawancin littattafai da shi. Bayan 1991 mata suna cikin waɗanda suka fi ƙarfin murya a adabinsa. Oksana Zabuzhko, a labarinta na 1996, ta danganta wulaƙancin da mace take sha a hannun namiji da wulaƙancin da shi namijin ya sha a hannun daula. Maria Matios, a labarinta na 2004, ta kai mu wani ƙauyen bakin iyaka a tsaunukan Bukobina, inda wata yarinya ta daina magana bayan jami'an Sobiyet sun yaudare ta da alewa ta tona asirin gidansu, abin da ya jawo mutuwar uwarta.

Kamar marubutan Kano, waɗannan ma ta ƙofar gida suka shiga maganar al'umma. Bambancin shi ne, a Yukren harshe da ƙasa suna ɗaya suke amsawa, saboda haka wadda ta rubuta da harshen ta riga ta ɗauki matsayi game da ƙasar. A wurinmu Hausa ta fi ƙasa ɗaya faɗi, Nijar kuma ta fi harshe ɗaya yawa. A Adar kanta Bahaushe da Ba'abzine da Bafulatani rijiya ɗaya suke sha. Don haka ba za mu ɗauko ma'aunin can mu auna nan ba sai da hattara.

7. Kammalawa

Dokar 2001 ta amince da harsuna 10 a matsayin harsunan ƙasa a Nijar. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya ba ta matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Wannan ya kawo hanyoyin nan biyu da muka bi zuwa mahaɗa: harshen da mata suka daɗe suna karanta labaransu da shi, yanzu shi hukuma take kira nata.

Tarihin da muka duba yana nuna cewa doka ba ta haifar da adabi. Masu karatu da hanyar kai littafi gare su ne suke haifar da shi. Masu karatu suna nan a Ƙwanni da Malbaza da Illela tun shekarun 1980. Aikin da yake gaban sassan nazarin harsuna irin namu shi ne tattara littattafan da suka yi yawo a waɗannan garuruwa kafin su ƙare a hannun masu ƙosai, da jin ta bakin matan da suka karanta su, da kuma buɗe wa ƴan matan Adar hanyar rubuta nasu, da Hausarsu da sunayen garuruwansu, ba tare da an rufe bakin masu Tamajak da Fulatanci ba.