Yadda ake ba cututtukan bakteriya masu riƙe launin Gram lamba, da yadda lambar ke yanke kuɗin asibiti

A Amurka, inda inshora ke biyan mafi yawan kuɗin jinya, abin da ke fara isa ga mai biya 'yan haruffa ne da alƙaluma, irin su A41.02, waɗanda ke wakiltar cutar da aka yi wa majinyaci magani. A kan wannan lamba ake yanke abin da za a biya asibiti, kuma da ita hukumomi ke ƙidayar cututtuka. Cututtukan bakteriyar da likitoci ke kira Gram-positive suna cikin waɗanda ba su lamba ke buƙatar taka-tsantsan.

Asalin sunan

A shekarar 1884 wani likita ɗan ƙasar Denmark, Hans Christian Gram, ya fito da hanyar rina bakteriya domin a gan su a madubin likita. Masu kaurin bango suna riƙe launin shunayya ko an wanke su da sinadari, su ne masu riƙe launin Gram. Masu siririn bango kuwa launin yana zubewa, sai su ɗauki rini na biyu su koma ruwan hoda.

Cikin rukunin farko akwai Staphylococcus aureus mai haddasa maruru da ruɓewar rauni, da dangin Streptococcus masu jawo ciwon maƙogwaro da nimoniya, da Enterococcus, da ƙwayar cutar mashaƙo. Rinin yana nuna rukuni ne kawai. Sanin ainihin ƙwayar sai an raine ta a ɗakin gwaji, abin da kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku.

Kundin lambobin

Lambobin sun samo asali ne daga kundin rarraba cututtuka na duniya, ICD, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da shi tun 1948. An amince da bugu na 11 a 2019, ya fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2022. Amurka dai tana amfani da nata samfurin na bugu na 10, wato ICD-10-CM, tun ranar 1 ga Oktoban 2015, kuma yana ɗauke da lambobi kimanin 70,000.

Kundin bai keɓe babi guda ga masu riƙe launin Gram ba. Yana bin sunan ƙwayar ne da kuma sashen jikin da ta kama, ta hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce lamba ɗaya da ta haɗa cutar da ƙwayar. Nimoniyar Streptococcus pneumoniae tana da J13. Nimoniyar Staphylococcus aureus mai jin maganin methicillin tana da J15.211, wadda ba ta jin sa, wato MRSA, tana da J15.212. Haka yake ga sefsis, yanayin da martanin jiki ga cuta ke kai ga lalata gaɓoɓin ciki: A41.01 ga mai jin maganin, A41.02 ga MRSA, A41.81 ga Enterococcus, A41.9 idan ba a ambaci ƙwayar ba.

Hanya ta biyu lambobi biyu ne. Ana fara rubuta cutar, misali N39.0 ta ciwon hanyar fitsari, sannan a biyo da lamba daga rukunin B95 mai bayyana ƙwayar, kamar B95.2 ta Enterococcus ko B95.62 ta MRSA. Lambobin B95 ba sa zama a sahun farko, kuma ba a ƙara su inda lamba ɗaya ta riga ta ambaci ƙwayar.

Inda ake yawan kuskure

Ƙa'ida ita ce ma'aikacin lambobi yana bin abin da likita ya rubuta. Ko da sakamakon gwaji ya nuna MRSA ƙarara, ba shi da ikon yanke cewa ita ce sanadin cutar, sai ya aika wa likita tambaya a rubuce.

Akwai kuma bambanci tsakanin ɗaukar ƙwaya da kamuwa da ciwonta. Mutum na iya yawo da MRSA a hancinsa lafiyarsa ƙalau, lambarsa Z22.322. Wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, Z86.14. Samun bakteriya a jini kawai, R78.81 ne, kuma wannan dabam yake da sefsis. Idan sefsis ya kai ga gazawar wata gaɓa, ana ƙara R65.20, ko R65.21 in jini ya faɗi warwas, tare da lambar gaɓar da ta gaza.

Yadda lamba ke komawa kuɗi

Tun 1983 shirin Medicare, mai ɗaukar nauyin jinyar tsofaffi a Amurka, ke biyan asibitoci ƙayyadadden kuɗi a kan kowace kwanciya, gwargwadon rukunin da ta faɗa, wanda ake kira DRG. Manhajar kwamfuta ce ke duba lambobin ta zaɓi rukunin. Nimoniya mai lamba J13 tana faɗawa rukuni na 193 zuwa 195, ta Staphylococcus kuwa rukuni na 177 zuwa 179, wanda kuɗinsa ya fi yawa. Sefsis yana rukuni na 870 zuwa 872.

Saboda haka kuskure na da tsada ta kowane ɓangare. Idan likita ya tsaya a kalmar nimoniya bai ambaci ƙwayar ba, asibiti na iya karɓar ƙasa da abin da ya kashe. Idan kuma aka ɗora lamba mai nauyi ba tare da hujja a fayil ba, kamfanin inshora na iya ƙin biya, majinyaci ya shiga tsaka mai wuya. A shekarun 1990 hukumomin Amurka sun binciki asibitoci da dama bisa zargin kumbura lambobin nimoniya, wasu suka biya tara a ƙarƙashin dokar hana neman kuɗin gwamnati da bayanan ƙarya.

Amfanin lambar bai tsaya ga kuɗi ba. Masu nazarin lafiyar al'umma suna amfani da waɗannan bayanai wajen bin sawun ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma kundin ya tanadi rukunin Z16 domin haka, kamar Z16.21 ga waɗanda suka bijire wa vancomycin. Duk lokacin da aka rubuta A41.9 alhali an san ƙwayar, majinyaci ɗaya ya ɓace daga wannan ƙidaya.