Zaɓen 1957 da hawan Sawaba

A wannan fitowa za mu waiwayi zaɓen ranar 31 ga Maris 1957, wanda ya ba jam'iyyar ma'aikata mulkin Nijar tun Nasara bai tafi ba.

Asalin maganar daga 1946 ne, shekarar da aka kashe aikin tilas, aka kuma kafa PPN, wadda ta zama reshen RDA mai alamar giwa. Djibo Bakary, mutumin Sudure kusa da Yamai, mushen lakwal ne da ya fito daga William Ponty ta Senegal, shi ne kuma sakataren jam'iyyar. A 1950 shugabannin RDA suka raba gari da ƴan kwaminis na Faransa don su shirya da gwamnati. Diori Hamani da Boubou Hama suka bi. Djibo ya ƙi, ya koma aikin sandika, yana haɗa kan leburori. A 1954 ya kafa tasa jam'iyyar, UDN.

To, masu ɗaukar albashi nawa ne a Nijar ta lokacin? Ƴan kaɗan ne. Don haka jam'iyyar ta nemi duk mai ci da guminsa: direbobi da yaran mota, ƴan dako masu sungumar buhunan gujiya a kantunan CFAO da SCOA na Maradi da Damagaram, teloli, mahauta, magina, ƴan koli. Waɗannan mutane ƙafarsu ɗaya tana bariki, ɗaya tana ƙauye, kamar yawancin masu karanta wannan takarda. Abin da aka faɗa a tasha da safe, kafin magariba ya isa kasuwar ƙauye cikin mota. Kalmar sawaba kuwa, tun 1950 mutanen NEPU na Kano suke kiranta; ta tsallako iyaka, ta zama kirarin taro, har ta danne sunan jam'iyyar.

Amma ƙarfin tasha bai isa ba. A zaɓen Janairu 1956 na dapite biyu da ke zuwa Paris, Diori da Georges Condat suka ci, Djibo ya faɗi. A Yuni na shekarar aka yi dokar Defferre, wadda ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, ta kuma ce kowace ƙasa za ta sami gwamnatinta ta cikin gida. Daga nan rinjaye ya koma karkara. Ƙuri'ar karkara kuwa kowa ya san inda take: hannun sarkin kanto, mai karɓar lampo, mai yanke shari'ar gona. Wa zai saɓa masa ranar zaɓe?

Sai Djibo ya yi abin da ya ba mutane mamaki. A Nuwamba 1956 ya haɗa kai da BNA ta Condat da Issoufou Saidou Djermakoye, jam'iyyar da sarakuna suka fi yawa cikinta. Haɗin ya ba shi kujerar magajin garin Yamai, ya kuma haifi MSA, wadda talakawa suka ci gaba da kira Sawaba. Da aka zo zaɓen majalisar ƙasa mai kujera 60, Sawaba ta kwashe 41, PPN ta tsira da 19, yawancinsu a yamma. Djibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, don shugabancin kansa na gwamna ne, Bafaranshe.

A ganina, kujerun nan 41 ƙafa biyu gare su, ta ɗan dako da ta mai rawani, kuma ba hanya ɗaya suka nufa ba. Ɗan dako yana son a rage ikon sarki, sarki yana son a tsare masa rawaninsa. Da sabuwar gwamnati ta fara tuɓe waɗansu sarakunan kanto, sai sauran suka sha jinin jikinsu.

Shekara ɗaya da rabi abin ya ɗauka. A 1958 Janar de Gaulle ya kawo tambayarsa: i, a zauna tare da Faransa, ko a'a, a karɓi ƴanci nan take. Djibo ya ce a'a. Paris ta aiko sabon gwamna, Colombani, kumandodi suka shiga ƙauyuka, sarakuna da yawa suka juya, Djermakoye ma ya koma wajen i. Ranar 28 ga Satumba, a'a ta sami wajen 22 cikin ɗari kawai, mutane masu yawa kuma ba su ko fito ba. Djibo ya sauka a Oktoba. A zaɓen 14 ga Disamba, PPN da abokanta suka sami kujera 49, Sawaba 11. A Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar. Djibo ya yi zaman gudun hijira, bai dawo gida ba sai 1974.