Yadda Ƙarya Ta Samu Sunan Birnin Aden

Titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan Agundi ya bi gindin ganuwa har tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, inda ɗaliban ilmin tsirrai ke haddace sunayen Latin. Cikinsu akwai Adenium obesum, wato ƙarya, guntuwar bishiyar nan mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda kan kaɗe ganye da rani sannan ta ɓarke da jan fure, ga ruwan jikinta da maharba kan yi dafin kibiya da shi. Sunan nata na Latin tarihin masu alƙalami ne, ba na ƙasar da ta tsiro ba. Masanin tsirrai Peter Forsskål ya gan ta a Yaman, ya rasu can a 1763, aka buga bayaninsa a 1775 da sunan Nerium obesum. A 1819 masana tsirrai Roemer da Schultes suka ware mata jinsi, suka raɗa masa suna daga Aden, birnin da ke Yaman. Tamu ta Afirka ta Yamma an daɗe ana kiranta Adenium honghel, kafin bincike ya mayar da ita cikin ta Yaman.

Wani zai ce ina amfanin sunan da ke ta canzawa, alhali Bahaushe na nan kan nasa tun kaka da kakanni? Ai canjin shi ne amfanin. Sunan kimiyya na tsiro galibi a ɗaure yake da busasshen reshe da aka adana, wanda mai shakka zai iya ɗaukowa ya ƙirga sassan furensa, ya ƙaryata na gabansa. Sunan gida ba shi da wannan madogara, shi ya sa itace ɗaya kan amsa hano a wani gari, ararraɓi a wani, kuma ga mai haɗa magani ruɗanin nan na iya jawo salwantar rai.

Mai cewa raɗa sunayen Latin aikin 'yan mulkin mallaka ne yana da gaskiya, amma rabinta. Likita J. M. Dalziel, wanda ya fitar da ƙamus ɗin tsirrai na Hausa a 1916, bakin manoma da masu magani ya bi. Sai ga hano ya zama Boswellia dalzielii, su kuwa ko sunansu babu. Gyaran wannan ba watsi da Latin ba ne. Gyaran shi ne ɗalibin da ya matse reshen ƙarya a takarda ya rubuta sunayen biyu, da garin da ya tsinko, da wanda ya nuna masa.