Amanawa da Zaman 'Yan Mishan a Ƙasar Sakkwato

A garinmu Tambuwal, inda Buhari ɗan Shehu ya zauna, idan dattijo ya ɗauko zancen 'yan mishan ba da wa'azi yake farawa ba. Kuturta yake fara ambata, daga nan sai Amanawa. Haka na ji a bakin mutanen Dogon Daji, haka kuma a Kebbe. Wannan tarihi namu ne, ko da yake mu Musulmi ba mu cika son taɓa shi ba, masu rubuta shi daga waje kuma sukan nuna kamar Turawa kaɗai suka yi aikin.

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Gwamna Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addini ba. Alkawarin nan ne ya tsare 'yan mishan a bakin ƙofa shekara talatin da 'yan kai. Ba don ba su matsu su shigo ba. Tun 1893 samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Ikko da nufin isa ƙasar Hausa. Shekara na zagayowa biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Ƙungiyar da suka kafa, SIM, sai 1902 ta sami wurin zama a Patigi. Likita Mila na CMS ma da ya samu shiga birnin Zariya a 1905, daga baya an mayar da aikinsu Wusasa, bayan gari.

Cuta ce ta buɗe ƙofar da alkawarin ya rufe. Kuturta ta yi yawa, En'e ba ta da likitocin da za su zauna da kutare shekara da shekaru, 'yan mishan kuwa suna da masu son yin hakan. A 1937, zamanin Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, aka damƙa wa SIM kula da kutare a larduna uku: Kano da Katsina da Sakkwato. Ta haka aka san Yadakunya da Babbar Ruga da tamu Amanawa, kudu da birni a kan hanyar Gusau. En'e ta ba da fili da gudummawar kuɗi, ƙungiyoyin yaƙi da kuturta na Ingila da Amurka suka ƙara nasu. Aka kuma gindaya sharuɗɗa: ba wa'azi a kasuwa, ba wa'azi kusa da masallaci.

To, yaya ranar ɗan mishan take a irin wannan wuri? Kafin komai sai ya haɗiyi kwinin, don zazzaɓi ya kashe na gabansa da yawa. Sai addu'ar safe, sannan layin allura. Maganin lokacin man wata itaciya ce ta ƙasar Indiya, mai kauri, ana tura shi ƙarƙashin fata, ga zafi ga jinkirin aiki. Mutum ya taso daga Kebbe a kan jaki, ya biyo ta Tambuwal da Shagari da Boɗinga, yana zaton wata biyu zai yi, sai ya share shekaru. Shi ya sa wurin ya koma ƙauye sosai, da gonakin gero da dawa, da aure da suna da jana'iza. Bayan allura sai wankin gyambo, aikin da ba ya ƙarewa, domin ƙafar da ba ta jin zafi kullum sai ta taka ƙaya ko garwashi. Da yawa cikin Turawan mata ne marasa aure, masu aikin jinya daga Kanada da Amurka da Ingila, waɗanda sai da suka yi watanni suna koyon Hausa kafin a turo su. Da dare a kunna fitilar ƙwai a hau rubuta wasiƙu zuwa majami'un gida, don SIM ba ta yi wa kowa alkawarin albashi ba, abin da masu goyon baya suka aiko da shi ake rabawa. In bazara ta tsananta a hau tudun Jos, a huta a Miyango.

Ba su ɓoye abin da ya kawo su ba, ni ma ba zan ɓoye ba. Bishara suka zo yi, allura hanya ce. Ran Lahadi akwai sujada da Hausa, ana karanta Littafi Mai Tsarki wanda aka buga cikakke da Hausa a 1932, da yamma kuma ajin boko. Manya da suka zo da Musuluncinsu galibi da shi suka koma gida. Inda aikin ya kama shi ne wajen yara. Ana raba jariri lafiyayye da uwarsa mai ciwo don kada ya ɗauka, a rene shi a gidan reno na mishan, ya tashi da waƙoƙinsu da karatunsu. Wannan ne wurin da ya fi yi mini nauyi. Dalilin likita gaskiya ne a sanin wancan zamani, amma uwar da ta miƙa ɗanta ba ta da zaɓi, kuma ba kowane yaro ne ya sake samun hanyar gidan kakansa ba. Su ma Turawan, daga 1946, nasu 'ya'yan makarantar kwana ta Kent Academy a Miyango suke kai su tun suna ƙanana. Na yarda sun ɗanɗani rabuwa, sai dai su da kansu suka zaɓa.

Abin da aka fi mantawa shi ne hannun da ya yi yawancin aikin na baƙar fata ne. Marasa lafiyar da suka sami sauƙi su aka koya wa yin allura da ɗaure miki da rubuta sunaye a littafi. Cikinsu aka sami malaman asibiti, aka sami masu bishara, kuma irinsu ne suka riƙe ikilisiya bayan an kafa ECWA a 1954. Wasu kuwa sun koyi aikin, sun riƙe sallarsu, sun ci abinci da shi har tsufa.

A shekarun 1950 ƙwayar dafson ta sauya komai. Tunda haɗiya ake yi, sai aka riƙa buɗe ƙananan wuraren karɓar magani a ƙauyuka, manomi ya karɓi rabonsa ya koma gonarsa. A daidai lokacin ne limaman Katolika na ƙungiyar Dominikan daga Amurka suka karɓi yankin Sakkwato, a 1953, suka fi zama a Gusau. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin mishan, Amanawa ta koma hannun jiha. Yau maganin kuturta haɗin ƙwayoyi ne da ake bayarwa kyauta, cikin wata shida zuwa shekara guda an gama. Asibitin na nan yana aiki, kuma a gefensa akwai iyalan da iyayensu suka zo neman magani, suka warke, amma garuruwansu ba su sake karɓarsu ba.